Baƙar Dakuwa

"Ɗauke wanga gwangwani daga gabana, Luba. Na ce ki ɗauke shi!"

Luba ta miƙa hannu ta janye gwangwanin, ta rufe shi da gefen zaninta. Tana durƙushe ne a bakin rumfar yayanta Yari, rana ta take, azumi ya zo ƙarshe, leɓen kowa ya bushe.

"Yaya, tsarabar sallah ce kawai ya kawo, kamar yadda kowane mai nema ke kawowa."

"Mai nema goro yake kawowa, ko zane, ko damin gero. Shi mi ya kawo? Wani baƙin abu da ba mu san asalinsa ba." Yari ya tofar da yawu gefe. "Namiji da gemunsa, ya ƙare a gindin murhun Nasara, shina yanka albasa, shina wanke tasa! Wa ya san abin da hannunsa ke taɓawa can?"

"Salla ba ta wuce shi, Yaya. Kai da kanka ka gan shi a masallacin Juma'a."

"Na gan shi. Mutanen Bungudu ma sun gan shi, na kuma ga yadda sunka matsa sunka bar mishi fili."

Luba ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗigo mata a bayan hannu.

Ba yarinya ba ce Luba. Ta yi aure a Furfuri, ta zauna lafiya da mijinta, har shekarar da sanƙarau ya shigo ƙasar ya ɗauke shi farat ɗaya. Da ta fita takaba sai ta dawo gidan Yari da goyon 'yarta Wasila, domin iyayensu sun daɗe da rasuwa, shi ne uwa shi ne uba. Tun daga nan take riƙe kanta da dakuwa da nakiya da alkaki, har ya zama ba a yin biki ko suna a Bungudu ba a nemi hannunta ba. Zawarawa sun yi ta sallama a ƙofar gida, tana sallamarsu ɗaya bayan ɗaya.

Sai da Lukuman ya zo.

Mutumin 'Yandoto ne, ta can wajen Tsafe, maraya ne da yawon duniya ya yi ta juyawa har ya zama kukun wani Baturen kanti mai sayen auduga da gyaɗa a Gusau. A kasuwar Bungudu, inda yakan zo neman ƙwai da man shanu, ya sayi dakuwarta, ya ɗanɗana, ya ce ta yi daɗi amma gyaɗar ta ɗan sha wuta. Babu namijin da ya taɓa gaya mata haka, kuma gaskiyarsa ce. Ta yi fushi a ranar, washegari ta tuna ta yi dariya, daga nan kuwa zance ya yi nisa.

"Akwai wata magana," in ji Yari, ya sassauta murya. "Inna Tambaya ta aiko. Ranar sallah da la'asar za ta zo, ita da Dogo. Labarin kukun nan ya kai Furfuri."

Inna Tambaya ita ce uwar marigayi mijinta. Dogo kuwa ƙanensa ne, wanda tun ba a share makoki ba ya fara aikowa cewa shi ya fi cancanta ya riƙe iyalin ɗan'uwansa.

"Na gaya musu ba na so, Yaya. Dogo ƙanena ne, ni na riƙa zuba mishi tuwo."

"Ni ban ɗaure ki ba. Ke ba budurwa ba ce balle in ce ga wanda za ki aura. Amma ki sani ba ke kaɗai ba ce a cikin wagga magana."

Ya ɗauki butarsa ya fita.

* * *

Abin da ke cikin gwangwanin sunansa cakulan. Lukuman ya saye shi da guminsa a kantin ubangidansa, ya kawo mata ranar Juma'ar da ta wuce, suna tsaye a ƙofar zaure saboda Yari ya hana a shimfiɗa masa tabarma.

"Ba zan yi da hannuna ba," ya ce mata, "tunda an ce hannuna ba shi da tsarki. Ke za ki yi. Ɗan itace ne, Luba, a Kurmi ake noma shi kamar goro, na ga bishiyar da idona. Matar Bature takan sa ni in dunƙula musu shi ranar tasu sallar. Ki haɗa shi da madarar garinku da man garinku da zumar garinku. In Yaya Yari ya ci ya ji babu komai ciki, wataƙila zuciyarsa ta sauko, ya san abin da nake dafawa abinci ne irin na kowa."

Ta yarda da dabarar, don ba ta da wata.

Ranar jajibiri, Yari na fita kasuwa, ta hura wuta. Ta buɗe gwangwanin, ta tarar da wasu sanduna baƙaƙe kamar sabulun salo, naɗe cikin takarda mai ƙyalli, zafin bazara ya riga ya sa sun yi laushi. Ta yayyanka su ƙanana a cikin tasa. Ta ɗora tukunyar ruwa a murhu, ta aza tasar a bakin tukunyar, domin Lukuman ya ja mata kunne cewa tururi ne zai narkar da shi, kada wuta ta taɓa shi, kada kuma ko ɗigon ruwa ya shiga.

Nan da nan wani ƙamshi ya cika tsakar gida, irin wanda ba a taɓa ji ba a unguwar. Lami, matar Yari, ta fito daga ɗaki tana toshe hanci da mayafi.

"Wallahi, Luba, in azumina ya karye, alhakin na wuyanki."

Luba ta ɗumama madarar da wata Bafulatana ta kawo mata da safe, ta riƙa tsiyayawa kaɗan-kaɗan tana juyawa da ludayi. Ta jefa ɗan curin man shanu. Sai kawai ta ga abin ya rabu, mai ya taso sama, ƙasa ya yi gudaji kamar lalataccen kunu. Gwangwani ɗaya ne, babu wani.

"Ya ɓaci?" Lami ta tambaya.

"Ya ce in haka ta faru kada in ji tsoro. In ƙara madara mai ɗumi, in yi ta juyawa."

Ta ƙara, ta yi ta juyawa, gumi na zuba mata a ido. A hankali gudajin ya narke, man ya koma ciki, abin ya haɗe ya yi santsi, yana sheƙi kamar baƙin rawanin da aka buga a mabuga.

Saura ɗanɗano, ga shi su duka biyu suna azumi.

"Ke, zo nan," in ji Luba.

Wasila ta taho da gudu daga gindin turmi. Luba ba ta taɓa kiran sunanta ba, 'yar fari ce, akwai kunya a tsakani. A gaban mutane ko kallonta ba ta cika yi ba, sai a ce 'yar Lami ce. Amma duk wanda ya san gidan ya san cewa in yarinyar ta yi tari sau ɗaya, Luba ba ta iya haɗiye ko ruwa.

Ta lakato da tsinke ta sa mata a harshe. Wasila ta yamutsa fuska.

"Ɗaci, Inna!"

Luba ta zuba zuma, ta juya, ta sake ba ta.

"Ƙara kaɗan."

Ta ƙara. Wannan karon yarinyar ta lumshe ido, sannan ta buɗe baki tana jiran wani.

Wahalar da ta rage ita ce ta zafi. Luba ta jiƙa yashin gindin randa, ta binne gindin tasar a ciki, ta rufe da faifai, ta lulluɓa jiƙaƙƙen tsumma. Duk bayan ɗan lokaci sai ta bar dakan nakiya ta je ta yayyafa ruwa. Sai bayan azahar ya daskare yadda zai mulmulu. Ta sanyaya tafin hannunta a jikin randa, ta riƙa gutsura tana mulmulawa da sauri, don in ta yi jinkiri a hannunta yake narkewa. Wasu ta birkiɗa su cikin garin soyayyar gyaɗa, wasu cikin niƙaƙƙiyar aya, kaɗan kuma ta barbaɗa musu citta, wannan kam dabararta ce, ba ta Lukuman ba.

"Baƙar dakuwa!" in ji Wasila tana tsalle. "Mun yi baƙar dakuwa!"

Lami ta tsaya tana kallon yadda suka jeru a cikin akushi.

"Sun yi kyau. Amma kina ganin ɗan dunƙulen nan zai juya zuciyar Inna Tambaya?"

"Ban sani ba, Lami," in ji Luba. "Shi kaɗai na iya."

* * *

Wata ya tsaya, aka sauko daga idi, aka ci tuwon sallah. Luba ta kai wa Yari akushin, ya kau da kai ya ce ta ajiye sai baƙi sun zo.

Da la'asar sakaliya suka iso. Inna Tambaya tana kan jaki, Dogo na jaye da shi cikin sabuwar riga. Aka shimfiɗa tabarma a gindin cediyar tsakar gida, aka yi barka da sallah, aka tambayi mutanen Furfuri kaf har da awaki. Luba ta durƙusa ta ajiye ruwa, ta ajiye nakiya da alkaki da dakuwa. Sannan ta yi bisimilla a zuci ta buɗe akushin ƙarshe.

Tsohuwar ta leƙa, ta ɗaga gira.

"Wanga fa? Kashin awaki ne anka birkiɗa cikin gyaɗa?"

Kafin Luba ta buɗe baki, Wasila ta faɗo jikin kakarta da sabon zaninta na saƙi, gefen bakinta duk ya yi baƙi.

"Baƙar dakuwa ce, Kaka! Baba Lukuman ne ya kawo mana!"

Lami da ke bakin madafa ta dafe ƙirji.

"Baba wa?" in ji Inna Tambaya a hankali.

Ta kama haɓar yarinyar, ta sa gefen mayafi ta goge mata baki da ƙarfi har sai da ta yi ƙara.

"Ɗana na kwance a ƙasa, an koya ma jikata ta kira kukun Nasara Baba! Dama an ce mini wani abu ya ba ki kinka ci, shi ya juya miki kai. Ban yarda ba sai yau. Bai ishe ki ke kaɗai ba, sai kin ɗura ma marainiya?"

"Inna, ki yi mini rai," in ji Luba. "Da hannuna na yi shi. Madara ce da man shanu da zuma da gyaɗa. Shi baƙin kuwa ɗan itace ne kamar goro. Lami na tsaye na haɗa, ki tambaye ta. Wallahi babu sammu, babu haram a ciki."

"Rufe mini baki!"

Sai Dogo ya miƙa hannu cikin akushin. Ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya shi, ya yi bisimilla ya jefa a baki. Kowa ya zuba masa ido. Ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya lashe yatsa.

"Babu komai ciki, Inna. Na san abin, na gan shi a kantin Gusau ranar da na kai auduga. Daɗi gare shi ma." Ya dubi Luba. "Hannunki na nan yadda na san shi."

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Luba. Ta ɗago kai ta dube shi da godiya, har ta fara tunanin ko ta zalunce shi a ranta duk shekarun nan.

"Amma wa ya ce miki don abinci muke magana?"

Dogo ya ɗauki na biyu.

"Ki auri wanda kike so, Luba, ba mu da iko da ke. Sai dai ɗiyar yayana ba za ta tashi a barikin Nasara ba. Yau ubangidansa shina Gusau, gobe a ɗauke shi zuwa Zariya ko Ikko, ku bi shi da tukwane a ka. Ga hanyar jirgi can ana shimfiɗawa, ta kusa isowa. Ran da ta iso, ina za mu sake ganin jininmu? In ta girma kuma wa zai neme ta, ana ce mata agolar kuku?" Ya karkaɗe garin gyaɗa daga rigarsa. "In kuwa kin dawo Furfuri, ɗakinki na nan, na sake mishi jinka. Ki zauna da ɗiyarki a gabanki har ki kai ta ɗakin miji."

Luba ta juya ga yayanta.

"Yaya, ka ce wani abu."

Yari ya amsa yana kallon ƙasa.

"Na je wurin liman tun kafin su zo, don kada a cuce ki. Ya ce uwa ke da riƙo muddin ba ta auri bare ba. In ta auri bare, riƙo ya koma ga uwarta ko 'yan'uwanta mata. Innarmu ta rasu, ba mu da 'yar'uwa mace. Sai kaka ta wajen uba. In kuwa baffan yarinya ta aura, babu mai raba su. Ko gaban alƙali kinka je, abin da za ki ji ke nan."

"Amma ai ban yi auren ba tukuna."

"Wa ya ce kin yi?" in ji Inna Tambaya, ta dafa ƙasa ta miƙe. "Yawon sallah za ta bi mu. Ko shi ma za a hana kaka? Dogo, ɗora ta."

"Yaushe za ta dawo, Inna?"

"Ran da kinka san inda kinka dosa."

Da fari Wasila murna take, an ɗora ta a kan jaki. Sai da aka fita zaure ta waiga ta ga uwarta ba ta ɗauko mayafi ba. Nan ta fara zillo tana miƙo hannu.

"Inna! Inna, zo mu tafi! Ban zuwa ni kaɗai!"

Luba ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta ratsa zaure da gudu, babu mayafi, babu takalmi, ta fito fili inda 'yan yawon sallah suka cika hanya.

"Wasila! Ɗiyata ce! Ni na haife ta, ku sauke mini ɗiyata!"

Mata suka riƙe baki. Wata tsohuwa ta yi salati da ƙarfi, don ba a taɓa jin mace ta kira sunan 'yar farinta a bainar jama'a haka ba. Luba ba ta ko gan su ba. Ta kama igiyar jakin ta zube a ƙasa.

"Na yarda. Dogo, na yarda. A bar mini ita."

"Alhamdu lillahi," in ji Dogo. Ya ciro ƙunshin goro daga aljihu ya miƙa wa Yari, wanda ya biyo su ƙofa. Ashe da shirinsa ya zo. "Juma'a sai a ɗaura."

Luba ta miƙa hannu za ta sauke yarinyar, sai tsohuwar ta tare ta da sanda.

"Ki same ta can. Na ga abin da baƙin abu ke sa mutum ya yi, ban barin ta ta sake kwana a nan."

Aka zare igiyar daga hannunta. Tana nan durƙushe har kukan Wasila ya ɓace a bayan ganuwa.

* * *

Washegari da hantsi Lami ta leƙo ɗakin da Luba ke kwance.

"Lukuman ya zo. Yana gindin tsamiyar bakin hanya. In ce ba ki da lafiya?"

"A'a. Gara ya ji daga bakina."

Ta same shi tsaye da ƙunshin kaya a ƙasa, da sabuwar fartanya a kafaɗa, ƙafafunsa sun yi futu-futu da tafiyar Gusau. Fuskarsa cike da fara'a, har bai lura da kumburin idonta ba.

"Barka da sallah, Luba! Tsaya, kada ki ce komai, ni zan fara. Na bar aikin."

Ta dafa jikin tsamiyar.

"Jiya ana kabbarar idi ina tsaye ina soya ƙwai. Da na isa fili an riga an shafa. Na tsaya ina kallon mutane suna watsewa, na ce Yaya Yari bai yi ƙarya duka ba. Na koma na tuɓe farar rigar kuku na ajiye ma Bature. Ya yi ta faɗa, ya ce kafin rana ta faɗi zai sa wani a wurina, ya kuwa sa. Kawuna na da saurar gona a 'Yandoto, zan share ta kafin ruwa ya sauka. Manomi ne ni yanzu, irin kowa. To, mi ya rage da za a ce?"

Luba ta sulale ta zauna a kan saiwar bishiyar, ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da mijinta ya rasu.

"Subhanallahi! Luba, mi ya faru? Wa ya mutu?"

"Sun tafi da ita, Malam. Sun tafi da yarinyar."

Ta gaya masa komai, tana yi kuka na katse ta. Fartanyar ta zame daga kafaɗarsa ta faɗi, bai ko duba ba.

"Kin ce kin yarda?"

"Na ce."

"A gaban mutane?"

"A gaban duk Bungudu. Yaya ya karɓi goro."

Ya tsuguna nesa da ita kaɗan, ya riƙe kai da hannu biyu.

"To ai dalilin ya kau. Ba ni barikin yanzu, ba ni bin kowa Ikko. Zan tafi Furfuri yau ɗin nan, in durƙusa ma Inna Tambaya, in ta ce in yi mata noma shekara da shekaru zan yi."

"Ba zai yi ba. Ko sarauta anka naɗa ka, bare ne kai a wurin yarinyar. Haka liman ya ce. Da aikin da babu aikin duk ɗaya ne, mu ne ba mu sani ba."

"Mu ɗauko ta mu gudu. Na san hanyoyi, na san garuruwan da ba mai nemanmu."

"In tashe ta a ɓoye kamar kayan sata? Ta girma ba dangin uwa ba na uba? Kai ka san maraici, Malam, kai ka ba ni labarinsa."

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kakarta ba za ta cuce ta ba. Furfuri ba nisa. Mu kuma Allah zai ba mu wasu 'ya'yan."

Luba ta ɗago jajayen idanunta.

"Kada ka sake faɗin haka. Ba ka ji yadda take kirana ba jiya."

"Ki gafarce ni." Hawaye ya gangaro masa cikin gemu. "Wallahi ni ma ina sonta. Bakina ne ya riga hankalina. Luba, ban taɓa samun wurin da na ji nan ne gida ba sai ƙofar zauren nan, inda ko tabarma ba a ba ni. Yanzu in nufi ina?"

"Ka koma Gusau ka ba Bature haƙuri."

"Ya sa wani."

"To ka tafi 'Yandoto ka share gonarka. Ka sami 'yar mutunci wadda ba ta da igiya a ƙafa irin tawa."

"Haka ake yi? A ce ma zuciya tashi, ta tashi?"

Suka zauna kowa na sharar hawaye, masu wucewa na satar kallonsu.

"Ko sun ci?" ya tambaya daga baya.

"Dogo ya ci biyu. Ya ce ya yi daɗi."

Lukuman ya yi wata dariya marar daɗin ji.

"Ke fa?"

"Ban ɗanɗana ba. Na manta akushin a rana, ya narke."

Ya miƙe, ya ɗauki fartanyarsa da ƙunshinsa. Ta zaci sallama zai yi, sai ta ga ya gyara tsayuwa.

"Ba a ɗaura ba tukuna. Ina da masauki wurin mai man shanun da nake saye a hannunsa. Kullum da hantsi za ki same ni a gindin tsamiyar nan har Juma'a. Ba zan yi sallama ba, ba zan aiko ba. In kin ga wata hanya, ko kin ji ba za ki iya ba, ki leƙo kawai. Ko ba ki ce komai ba zan gane."

"Don Allah kada ka yi mini haka."

"Shi kaɗai ya rage mini, Luba. Kada ki hana ni."

Ta tashi da kyar ta nufi gida. Ba ta waiga ba sai da ta kai ƙofar zaure. Yana nan inda ta bar shi, ya jingina da bishiyar yana kallonta, sai ta ji ƙafafunta na neman juyawa da kansu. Ta riƙe bango ta ja jikinta ciki.

Yari na zaune a rumfarsa yana gyaran igiya. Da ganinsa ya ji duk abin da aka faɗa, don bai iya haɗa ido da ita ba. Ta durƙusa a gabansa.

"Yaya, ina roƙon alfarma."

"Ina jin ki."

"A aika Furfuri yanzu. A ce musu kada a jira Juma'a, a ɗaura gobe da safe."

Yari ya saki igiyar, ya dube ta da mamaki.

"Gobe? Mi ya yi zafi haka? Ko kayanki ba a haɗa ba."

"A ɗaura kafin hantsi, Yaya," in ji Luba, hawaye na zuba ba ta share ba. "In na sake ganinsa a gindin tsamiyar can, wallahi ban san wadda zan zama ba."